Ƙanjamau da Sida

Ƙanjamau daga ƙanjamewa ya fito, wato mutum ya rame har ya bushe. Ƙirarsa ɗaya da sanƙarau, ciwon da ke sanƙarar da wuya. Sunan ya kama bakin mutane a zamanin da babu magani, har wasu na yi wa cutar kirari da "kabari salamu alaikum".

Bahaushen Maraɗi kuwa sida yake cewa, taƙaitaccen sunanta da Faransanci. Haka za ka ji a Montreuil, gabashin Paris, inda 'yan Mali suka yi kaka-gida. A Paris ɗin ne ma, a Cibiyar Pasteur, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier suka gano ƙwayar cutar a 1983. Kalmar sida ta shiga har sunan Sidaction, ƙungiyar da tun 1994 take tara kuɗin bincike da tallafa wa masu ɗauke da cutar.

A ganina sunan ƙanjamau ya tsufa. Mai shan maganinsa kullum yakan yi ƙiba abinsa, kuma idan ƙwayar ta daina bayyana a gwajin jini ba ya shafa wa matarsa. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suka fi son "cuta mai karya garkuwar jiki", duk da tsawonta.