Inda Muryar Rediyon Mota Ke Ɓuya

Cikin matsalolin rediyon mota babu wadda ta daɗe tana wahalar da masu gyara kamar ɗaukewar sauti ta ɗan lokaci: ana tafe murya ta yanke, a faɗa rami ta dawo, a kai gareji kuma ta ƙi nuna halinta. Na'urar ta sauya kama sau da yawa tun 1930, amma wannan cuta ba ta bar mazauninta ba, wato mahaɗa, inda ƙarfe ke taɓa ƙarfe. A ganina saboda haka ne sana'ar ɗan rewaya mai haƙuri ta fi duk rediyon da ya taɓa gyarawa tsawon rai.

A 1930 kamfanin Galvin na Cikago a Amurka ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, Blaupunkt na Jamus ya biyo baya a 1932. Rediyon wancan zamani da kwalaben wuta yake aiki, masu bukatar lantarki fiye da abin da batir mai bolt 6 ke bayarwa. Sai aka ƙirƙiro wata 'yar na'ura mai harshen ƙarfe da ke kaɗawa ba tsayawa don a ɗaga ƙarfin wutar. Bakin harshen nan kan ƙone ko ya manne, rediyo ya yi gum, a bubbuga shi ya farfaɗo. A 1955 Chrysler da Philco suka kawo rediyon taransisto, aka fara rabuwa da wannan harshe, sai dai wayoyin da ke kai sauti ga sifika suna nan yadda suke. Kaset ɗin da Philips ya fitar a 1963 ya ƙaro nasa datti da saɓulewar bel, faifan CD kuma ya zo da tsalle a gargada.

A ƙasar Hausa abin ya yi nauyi domin mutanenmu masu sauraro ne. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma da Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna a 1975, direban 504 ba ya kama doguwar hanya sai da labarai, ko kaset ɗin wa'azi, ko na Shata. Bayan karyewar darajar naira daga 1986, tsofaffin motocin Turai suka riƙa kwararowa ta Kwatano, ɗauke da wayoyin da suka riga suka sha shekaru, suka tarar da zafin bazara, ƙurar hunturu da ramuka. A wannan yanayi, a kewayen kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ƙwarewar ta nuna. Gwani ba ya fara kwance komai. Yakan kunna rediyo ya bar shi yana magana, ya buɗe ƙofa ya rufe a hankali, idonsa kan robar da wayoyi ke bi daga jikin mota zuwa ƙofar, domin a nan tagulla ke karyewa a cikin rigarta ba a gani. Idan fuskar rediyo ta mutu tare da muryar, ya san wuta ce, ko wayar da aka ɗaure a ƙarfen mota ta yi tsatsa. Idan fuskar na haske amma duk sifikoki sun yi shiru, musamman bayan an daɗe ana ƙure sauti, amfilifaya ce ta yi zafi ta kashe kanta, ko wata waya ce ke gogar ƙarfe. Idan gefe ɗaya ne, laifin na wannan layin ne. Sai duk wannan ya wuce yake buɗe cikin rediyon ya nemi dalmar da ta tsage.

Wani zai ce wannan wahala ta zama tarihi, tunda rediyon Sin mai cin memori da bulutut ya yi arha, gara a sauya kawai. Akwai gaskiya a ciki: in allon cikin tsohon rediyon ne ya ƙone, gyaran ba ya biyan kansa. Amma sabon rediyo kan tsofaffin wayoyi ake ɗora shi, sau da yawa ma a yanke filogin asali, a murɗa wayoyi da hannu a naɗe da salatif, a ƙara sababbin wuraren yankewa kan na da. Mai mota ya biya kuɗi, bayan 'yan kwanaki muryar ta sake ɗaukewa. Masu cewa motocin yanzu kwamfuta ke bincikarsu su ma sun faɗi rabin magana, domin na'urar binciken takan nuna layin da ya yanke, ba ta nuna a wane lanƙwasa ne. Abin da ke damuna shi ne yaran shago da yawa yanzu saka sabo kawai ake koya musu, ogan da ya iya bin waya daga bayan rediyo har cikin ƙofa kuwa tsufa yake yi.