Wasan kwal ɗin Inugu da aka hana a Kano

Bahaushen da ke kasuwanci a Ogbete yau ba lallai ne ya san cewa ma'aikatan kwal ne suka raya wannan yanki na Inugu ba. Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, 'yan sandan mulkin mallaka suka buɗe wa mahaƙa wuta a ramin Iva Valley, suna tsaka da rikicin albashi. Mutum 21 suka rasu, 51 suka ji rauni. Labarin ya game ƙasa, wanda kuma ya ɗora shi kan dandamali tsohon ɗan sanda ne, Hubert Ogunde.

An haifi Ogunde a Ososa, ƙasar Ijebu, a 1916. Mahaifinsa fasto ne, kakansa na wajen uwa kuwa bokan Ifa, yaron ya kwaso kiɗa daga gidajen biyu. Ya yi koyarwa, ya kaɗa ogan a coci, sannan ya sa kaki. Yana cikin kakin ne, a 1944, ya nuna The Garden of Eden and the Throne of God a zauren Glover da ke Legas. Ofera ce, wato wasan kwaikwayon da ake rera zancensa da waƙa, ga ganga ga rawa. A 1946 ya ajiye aiki ya rungumi wasa a matsayin sana'a, abin da mutane ke gani a lokacin kamar sakin reshe ne a kama ganye.

Turawa ba su daɗe ba suka gane ba nishaɗi kawai yake sayarwa ba. Strike and Hunger, kan yajin aikin gama-gari na 1945, ya jawo masa tsangwamar 'yan sanda a Jos. Da ya shirya Bread and Bullet a 1950 kan kisan Inugu, ya ɗauko shi zuwa Arewa, hukuma ta hana nuna shi a Kano a 1951, har aka gurfanar da shi gaban kotu. A tuna, jam'iyyar NEPU ba ta cika shekara da kafuwa ba a garin. Masu mulki ba sa son ƙarin mai hura wuta. Bayan 'yancin kai ma bai tsira ba: gwamnatin Akintola ta haramta ƙungiyarsa a Jihar Yamma a 1964 saboda wasansa Yoruba Ronu.

Abin takaici, yau da finafinansa irin su Aiye da Jaiyesimi aka fi tuna shi. Oferorin farko ba a ɗauke su a fim ba, a kawunan 'yan wasa suke zaune, 'yan wasan kuma ƙasa ta rufe idon yawancinsu. Mai neman labarinsu sai ya nemi littafin Ebun Clark na 1979. Ogunde ya rasu a Landan a 1990.

Sassan koyar da wasan kwaikwayo na Zariya da Kano da Nsukka, ya kamata ku tattara abin da ya saura na Bread and Bullet, ku nuna shi a Kano da Inugu.