Homa Da Takobi A Gidan Tarihi Na Kanta

Ina so in ba ku labarin wani yini guda da na yi a Argungu. Ofishinmu ne ya tura ni aiki Birnin Kebbi, da ranar Asabar ta zo ba abin yi, sai na shiga mota na nufi Gidan Tarihi na Kanta. 'Yan ajinmu za su tuna yadda muke tsokanar abokanmu Kabawa da cewa ƙarnin kifi ke biye da su har ɗakin kwana. To, yau na zo neman gafara, don kuwa na ga abin da ke bayan wannan ƙarni.

Ginin kansa tsohuwar fadar sarakunan Kabi ce, ta ƙasa, ba nisa da bakin gulbi. Sarakuna sun zauna cikinta har 1942 da aka koma sabuwar fada, sa'an nan a 1958 aka mai da ita gidan tarihi. Kaburburan sarakuna na nan ciki, saboda haka mai ziyara ya kan sassauta murya ko ba a ce masa ba. An saba cewa Yakubu Nabame ne ya gina ta a 1831. Nan fa na tuna malaminmu na tarihi da ya hana mu haɗiye shekara ba tauna. A 1831 ɗin ne aka kashe Karari, mahaifin Yakubu, aka tafi da ɗan Sakkwato, bai kuwa ɗaga tutar Kabi ba sai 1849. A ganina dai ko mahaifin ne ya aza harsashin, ko kuwa ginin ya biyo bayan wannan shekara.

Sunan gidan na Muhammadu Kanta ne, wanda ya ɓalle daga hannun Askiya Muhammadu na Sanwai wajen 1516, ya kafa birninsa a Surame. Wannan duk mun haddace domin jarrabawa. Abin da ba mu kula da shi ba shi ne ruwa. Ƙasar Kabi ƙasar fadama ce, gulbi ya ratsa ta, in damina ta yi nisa sai ya cika ya batse, dokin abokin gaba ya rasa inda zai sa kofato, alhali Bakabe na yawo cikin kwalekwalensa. Har tarihin baka ya ce Kanta yana da wani jirgi lulluɓe da tagulla wanda ya kan zaga garuruwansa da shi. Da masu jihadi suka ci Birnin Kebbi a 1805, sauran gidan sarautar bakin wannan gulbi suka fake, Argungu ta zama hedkwatarsu. Aka yi ta gwabzawa da Sakkwato da Gwandu, in ban da 'yar sararawar da ake kira Lafiyar Toga, kuma daga 1849 har Turawa suka iso ba a sake mallakar Argungu ba.

Shi ya sa cikin gidan za ka bar ɗakin takubba da masu da sulke da tambura, ka yi taku kaɗan sai ga ka tsakiyar kayan su. A nan na fi daɗewa. Ga homa, watau komar hannu mai bakin itace a lanƙwashe, wadda masunci ke riƙe ɗaya dama ɗaya hagu, ya nutsa ya haɗe bakinsu kifi na ciki. Ga gora, ƙaton duma mai baki a sama, wanda shi ne jirgin talaka: a kansa zai kwanta ya yi iyo, cikinsa kuma zai zuba abin da ya kama. Ga ƙugiyoyi da masun sukar manyan kifaye. Ba ƙarfen inji ko ɗaya, duk abin da gona da daji da maƙera suka bayar ne. Da jagoran ya ba ni izini na ɗaga homa ɗaya, sai na ji kunyar hannun nan nawa da bai san komai ba sai biro da fayil.

To, ina mahaɗar ɗakunan biyu? A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, abin da bai taɓa faruwa ba cikin lumana tsawon fiye da shekara 100. Kabawa suka duba abin da za su karrama baƙo da shi. Hawan dawaki Sakkwato ta riga ta ƙoshi da shi, kuma kila ya tayar da tsohon miki. Sai suka kai shi bakin ruwa suka nuna masa su. Daga nan bikin kamun kifi ya samo asali, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2016.

Amma su ya girmi biki nesa ba kusa ba, kuma wannan ne abin da talabijin ba ta nuna mana. Mu dai mun san a buga bindiga, dubban mutane su ruga cikin Matan Fada, bayan kamar awa guda a fito da giwan ruwa a ɗora kan sikeli, irin mai kilo 75 da aka kama a 2005. Ba ma tambayar yadda kifi ya kai wannan girma a ɗan wannan ruwa. Amsar ita ce doka. Sauran watannin shekara a rufe wurin yake, ba mai jefa koma, Sarkin Ruwa ne ke tsaronsa. Sai an yi gyaran ruwa, sa'an nan a yi fashin ruwa, watau a buɗe wa kowa rana ɗaya. Masu ilmin zamani suna da dogon Turanci game da hutar da ruwa domin kifi ya hayayyafa. Kabawa sun daɗe suna yinsa ba takarda, ba ɗan sanda. Ni da nake rubuta sanarwar gwamnati wadda ba ta wuce allon ofis, na jinjina wa dokar da masunci mai iyali zai bi alhali yana ganin kifi na wasa gabansa.

Sai dai dokar Sarkin Ruwa ba ta kai inda ake tare ruwan. An gama madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma ta biyo baya, duka biyu a saman Argungu, ambaliyar da ke cika fadama kifi ya shiga ya yi ƙwai ta ragu. Bikin ma ya tsaya bayan na 2009, bai dawo ba sai 2020. Yaron da aka haifa a wancan tsakani ya kusa gama firamare bai taɓa jin bindigar Matan Fada ba.

Da na fito na gangara bakin ruwan da la'asar. Ba kowa sai wani dattijo zaune ƙarƙashin itace yana ɗinkin homarsa da ta yage, jikansa na riƙe masa zare. Na gaishe shi, na tambaye shi ko akwai kifi bana. Ya dubi ruwan, ya ce, "Akwai, ɗana, amma ba a buɗe ba tukuna." Ya ci gaba da ɗinkinsa, ni kuma na nufi tasha don kada motar Birnin Kebbi ta bar ni.