Tseren motoci na Paris zuwa Dakar

Yau darasinmu na tarihi ne.

Wani Bafaranshe mai suna Thierry Sabine shi ya ƙago wannan tsere. Ran 26 ga Disamba 1978, motoci da babura 182 suka tashi daga Paris. Suka ratsa Aljeriya, suka shigo Nijar, suka bi ta Agadas da Yamai. Tafiyar ta kai wajen kilomita 10.000. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar, ran 14 ga Janairu 1979. Rairayi da duwatsu suka karya sauran.

A 1989 ayarin ya yada zango a Tawa, babban garin jiharmu. Mu mutanen Azarori, da Madawa, da Buza, da Keita, abin ya zo kusa da gida.

Tseren ya kawo baƙi da ciniki. Ya kuma kawo kuka. A 1986 Sabine ya mutu cikin haɗarin jirgin sama a Mali. A 1988 wata motar tsere ta kashe yarinya ƴar shekara 10 a garin Kita, can Mali.

A 2009 aka kai tseren Amurka ta Kudu, a 2020 kuma Saudiyya. Tun 2021, masu tsofaffin motocin tsere suna gyara su, su shiga wani rukuni nasu.

Tsere ya bar ƙasarmu, amma mota ba ta daina gudu ba. Iyaye, mu tsare yaranmu daga bakin hanya. Sai darasi na gaba.