Allurar Da Ta Shiga Fada A 1930

Wata mai karatu ta tambaye mu: shin tara 'yan mata a koya musu ɗinki da saƙa, kamar yadda ƙungiyoyi ke yi yanzu, sabon abu ne? Ko kusa. A 1930 aka buɗe makarantun 'yan mata na gwamnati na farko a Arewa, ɗaya a Katsina ɗaya a Kano, da amincewar Sarki Muhammadu Dikko da Sarki Abdullahi Bayero. 'Ya'yan fada ne suka fara zama a cikinsu, malamai Turawa mata suna koyar da tsafta da reno da aikin allura, da ɗan karatu da lissafi.

A nan masana suka rabu. Wasu na cewa Turawa sun miƙa wa yarinya allura ne don kada su miƙa mata alƙalami sosai. A lokacin, Kwalejin Katsina tana horar da maza tun 1922, mata kuwa ana shirya su zaman ɗaki. Akwai gaskiya a ciki, kuma abin yana da ciwo. Amma na fi karkata ga masu cewa ɗinkin ne ya sa iyaye suka saki jiki. Uban da ke tsoron boko ba ya tsoron zare. Dikko, wanda ya riga ya ga Makka da Ingila, ya san mutanensa, shi ya sa ya fara da gidansa.

Abin da masu suka ke tsallakewa shi ne zaman kansa. Yarinyar da aure ke jiranta, kulle na biye, ta samu wurin da za ta zauna kafaɗa da kafaɗa da tsararrakinta. Hannu na aiki, baki na hira. Wadda ba ta iya faɗin damuwarta ido da ido takan faɗa idonta na kan ƙyalle. A tuna kuma, a da aikin babbar riga na maza ne, su aska biyu da aska takwas. Rabon mace kaɗi da mazari.

Daga baya abubuwa suka yi sauri. A 1939 aka buɗe kwalejin horar da malamai mata a Sakkwato. Wajen shekarun 1970 matan birnin Zariya suka kama aikin riga da hannu, a 1994 wasunsu suka haɗu a ƙungiyar Queen Amina, suna sayar da aikinsu har ƙasashen waje.