Tarihin Gurbin Ɗan Wasan Tsakiya a Ƙwallon Ƙafar Kano

Ƙwallon ƙafa baƙo ne a birnin Kano, domin kafin zuwan Turawa a shekarar 1903 wasannin motsa jikin da samarin cikin ganuwa suka sani su ne kokawa da dambe da langa da sukuwar dawaki. Tamaula ta shigo ne ta hanyar barikin soja da makarantun boko da kuma ma'aikatan jirgin ƙasa, waɗanda yawancinsu suka zauna a Sabon Gari, a wajen badala. Daga makarantu irin su Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa, ɗalibai suka riƙa komawa da wasan unguwanninsu, har ya kai ga yaran da ba su taɓa shiga aji ba suna ɗaure tsumma su buga a lungu da ƙofar gida. A shekarar 1953 ƙungiyar Kano ta doke Lagos Dynamos ta ɗauki Kofin Gwamna, wanda aka fara gasarsa a 1945, kuma wannan nasara ta nuna cewa wasan ya riga ya kafu a garin.

Tun daga wancan zamani, wurin da aka fi ganin gwanintar yaron Kano shi ne tsakiyar fili. Tsarin birnin na daga cikin dalilan hakan. Cikin gari cunkushe yake da gidaje, filayen wasa kuma ƙanana ne, galibi harabar makarantar firamare ko wani sarari a gefen kududdufi ko a bayan ganuwa. A irin wannan matsatsi babu inda za a yi doguwar tsere, sai dai yaro ya iya tare ƙwallo, ya yi yanka, ya miƙa wa na kusa da shi kafin a rufe shi. Ƙasar filin ma turɓaya ce da tsakuwa, ƙwallo ba ta tafiya yadda aka so, don haka ƙafa takan saba da lallaɓa ta tun ana ƙarami. Wannan tarbiyya ce ta sa masu lamba shida da takwas da goma, wato 'yan tsakiya, suka yi yawa a garin, ta kuma sa samun gurbinsu ya yi wuya, saboda masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba.

Hanyar da matashi ke bi zuwa wannan gurbi hawa-hawa ce. Yakan fara da wasan unguwa, inda babu koci sai manyan yara, su ne ke zaɓen wanda zai shiga da wanda zai tsaya ɗauko ƙwallo. Idan ya yi fice sai wani kulob na unguwa ya ɗauke shi, ya fara zuwa atisaye da asuba ko bayan la'asar, ya shiga gasannin rukuni-rukuni na jiha da na makarantu. Akwai kuma gasar Kofin Ramat ta matasa, wadda ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala Ramat Muhammad, inda masu farautar 'yan wasa kan zo su zuba ido. A kowane mataki, abin da ake dubawa ga ɗan tsakiya ya wuce iya yanka. Ana so ya ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi, ya koma baya ya taimaka idan an ƙwace, ya kuma jure gudu na minti casa'in a zafin Kano. Da yawa daga yaran da 'yan kallo suka yi wa tafi a unguwa, a wannan gwaji na biyu suka tsaya.

A shekarun 1970 da 1980 matakin ƙarshe na wannan hawa yana hannun ƙungiyoyin kamfanoni da hukumomi. Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar lig ta ƙasa a 1978, sannan akwai ƙungiyar hukumar ruwa ta WRECA da ta Bank of the North. Ɗan wasa a lokacin yakan samu albashi, wani lokaci har da aiki a ma'aikatar da ta mallaki kulob ɗin, kuma hakan ya sa wanda ya riƙe gurbi ba ya sakinsa da wuri. A shekarar 1990, lokacin da Najeriya ta fara gasar ƙwararru, aka haɗe WRECA da Golden Stars da Bank of the North aka kafa Kano Pillars, wadda magoya baya ke yi wa kirari da Sai Masu Gida. Haɗewar ta ba garin ƙungiya mai ƙarfi, amma ta rage ƙofofin shiga, domin guraben tsakiya na kulob uku sun koma na kulob ɗaya, kuma 'yan wasa daga sauran jihohi suka shigo takarar.

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, daura da tsohuwar marinar nan mai tarihi, ya ƙara wa gurbin daraja. An buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da na Kofin Afirka a 2000, da na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Pillars ta ɗauki kofin lig a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka a 2009, ta kuma shafe kimanin shekara 12 ba a doke ta a gida ba a lig, har sai da Nasarawa United ta karya lagon a 2015. Ƙungiyar da ke cin nasara haka ba ta cika canza 'yan tsakiyarta ba. Koci ya san cewa magoya bayan Kano ba sa haƙuri da rashin nasara a gida, don haka yakan fi amincewa da tsohon hannu, matashi kuwa ya zauna a benci yana jiran wani ya ji rauni ko ya samu jan kati.

Tarihin 'yan wasan tsakiya huɗu haifaffun Kano ya nuna yadda al'amarin yake. Sani Kaita ya samu gurbi a Pillars yana matashi a matsayin mai tare gaban 'yan baya, ya je Holan da tawagar Najeriya ta koci Samson Siasia wadda ta zo ta biyu a gasar matasa ta duniya a 2005, daga nan Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. Ya ci lambar azurfa a wasannin Olamfik na 2008, ya kuma shiga sahun farko na Super Eagles a gasar cin kofin duniya ta 2010, inda jan katin da ya samu a wasa da Girka ya dusashe tauraronsa. Rabi'u Ibrahim kuwa ya yi suna tun kafin ya riƙe gurbi a babban kulob. Yana cikin yaran Najeriya na koci Yemi Tella da suka lashe kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007, har ana kwatanta shi da Jay-Jay Okocha. Ya bi ta Sporting ta Fotugal da PSV ta Holan da Celtic ta Sikotilan ba tare da ya samu wasa a kai a kai ba, sai a ƙasar Sulobakiya, a Trencin da Slovan Bratislava, ya samu wurin zama.

Rabi'u Ali, wanda ake wa laƙabi da Pele, ya bi wata hanyar dabam. Ya zauna a gida, ya riƙe tsakiyar Pillars shekara da shekaru, ya zama kyaftin, ya ci ƙwallo fiye da ɗari a lig, kuma ya ci gaba da bugawa bayan ya haura shekara arba'in. Sai da ya wuce talatin kafin koci Stephen Keshi ya tafi da shi gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014, inda Najeriya ta zo ta uku, kuma yana cikin waɗanda suka ɗauki kofin ƙalubale da Pillars a Kaduna a 2019. Alhassan Yusuf shi ne misalin sabon zamani, domin daga makarantar horar da ƙwallo ya wuce Turai kai tsaye. Ya fara da IFK Göteborg ta Suwidin a 2018, ya samu wasa sosai, ya koma Royal Antwerp ya lashe lig ɗin Beljiyam a 2023, sannan aka kira shi Kofin Afirka a farkon 2024 ya maye gurbin Wilfred Ndidi da ya ji rauni.

Abin da ya haɗa waɗannan labarai shi ne yawan wasan da matashi ya samu a shekarunsa na farko. Wanda ya je kulob daidai ƙarfinsa ya buga mako-mako ya fi saurin kafuwa a kan wanda babban suna ya ja shi ya ajiye a benci, domin karatun fili ba a koyonsa sai a cikin fili. A yau makarantun ƙwallo masu zaman kansu sun yawaita a Kano, dillalai na ɗaukar yara tun kafin su buga lig ɗin gida, filayen unguwa kuma gine-gine na cinye su. Pillars kanta ta faɗa rukuni na biyu a 2022 kafin ta dawo a 2023. Matashin Kano zai iya samun gurbi na dindindin a tsakiya, kamar yadda na gabansa suka samu, muddin akwai filin da zai taso a kai, da gasar matasa mai tsari, da kocin da zai ba shi dama ya yi kuskure ya gyara.