Mariam Usman da tagullar da ta makara shekara takwas

Idan aka ambaci gasar Olamfik ta Beijin ta 2008, abin da yawancinmu muke tunawa shi ne ƙwallon ƙafa, yadda Ajantina ta ci yaranmu ɗaya da nema a wasan ƙarshe. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a wannan watan na Agusta wata yarinya 'yar Najeriya mai shekara 17, Mariam Usman, ta shiga gasar ɗaga ƙarfe ta mata masu nauyin da ya haura kilo 75.

Ɗaga ƙarfen nan iri biyu ne. Akwai wanda ake fizgar ƙarfen daga ƙasa zuwa sama a tashi ɗaya, akwai wanda ake ɗora shi a kafaɗa tukuna sannan a tura shi sama. Mariam ta ɗaga kilo 115 a na farko, 150 a na biyu, jimla 265. Wanda ya taɓa sauke kaya a kasuwa ya san kilo 150 buhun shinkafa uku ne cur. To, duk da haka ta biyar ta zo. Jang Mi-ran ta Koriya ta Kudu ce ta ɗauki zinare da kilo 326, wannan kam babu gardama a kanta. Azurfa ta tafi ga Olha Korobka ta Yukren, tagulla kuma ga Mariya Grabovetskaya ta Kazakistan.

Sai a 2016, da aka sake gwada fitsarin 'yan wasa da aka adana, aka gano waɗannan biyun sun yi amfani da haramtattun magungunan ƙara ƙarfi. Aka ƙwace lambobinsu. Ele Opeloge ta Samowa, wadda ta zo ta huɗu, ta koma ta biyu, lambar Olamfik ta farko ke nan a tarihin ƙasarta. Mariam ta koma ta uku.

A takarda an mayar mata da haƙƙinta, amma ranar fa ta wuce. Ba ta hau dandamali a Beijin ba, ba a ɗaga mata tuta ba, ta dawo gida a matsayin wadda ta yi ƙoƙari kawai. Mu kuwa mun san halinmu, mai lamba a wuya muke tarba a filin jirgi. Ruth Ogbeifo, da ta ci azurfa a Sidni a 2000, shekarar da aka fara barin mata ɗaga ƙarfe a Olamfik, aƙalla ita ta karɓi tata a gaban duniya.

Mariam dai ba ta ajiye ƙarfe ba. A wasannin ƙasashe renon Ingila na 2010 a Delhi, Opeloge ta sha gabanta, ta samu azurfa. A Gilasgo a 2014 ta rama, ta ci zinare da kilo 280, Opeloge na biye da ita. Ta je Olamfik na Landan a 2012, ta je na Riyo a 2016, ba ta sake zuwa ta uku ba.